Yadda Ake Bin Salsalar Mallakar Gandun Auduga a Jihohin Kudu na Ƙasar Amurka

Ɗalibin tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, idan aka ba shi aikin rubutu a kan bauta da noman auduga a jihohin kudu na ƙasar Amurka, yawanci yakan tara bayanai ne na gaba ɗaya waɗanda kowa ya riga ya sani, ya jera su, ya miƙa wa malaminsa. Hanyar da ta fi wannan amfani ita ce mutum ya ɗauki gandu guda ɗaya tak, ya bi shi daga hannu zuwa hannu, ya gano wanda ya mallake shi a kowane zamani, da hanyar da ya shigo hannunsa, da dalilin da ya sa ya kuɓuce masa. Da yawa daga cikin takardun da wannan aiki yake bukata an ɗauki hotonsu an saka a intanet, saboda haka wanda yake zaune a Mabera ko a Runjin Sambo, matuƙar yana da kwamfuta ko waya mai kyau, kuma yana iya haƙurin karanta rubutun hannu na Turancin da, zai iya yin nisa ƙwarai ba tare da ya bar Sakkwato ba.

Abu na farko shi ne ka tantance gandun da kake nufi ta hanyar jiha da gunduma, domin sunan gandu shi kaɗai ba ya wadatarwa. Masu gandaye suna yawan maimaita sunaye iri ɗaya, kuma sabon mai gida yakan canza suna idan ya saya. Misalin da za mu yi aiki da shi a nan shi ne Davis Bend, wani yanki na ƙasa mai albarka da kogin Misisipi ya zagaye ta ɓangare uku, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Vicksburg, a gundumar Warren ta jihar Misisipi. Gandaye biyu ne za su dame mu a wurin, wato Hurricane da Brierfield, kuma an zaɓe su ne saboda kusan duk wata hanya da ƙasa take sauya hannu ta faru a kansu cikin shekara sittin da 'yan kai.

Kafin ka buɗe kowace takarda, ka tanadi littafi ka zana masa layuka: shekara, wanda ya bayar, wanda ya karɓa, hanyar da aka bi, kuɗin da aka ambata, bashin da ya rage, sannan layi na ƙarshe ga waɗanda suke noma ƙasar da hannunsu a wannan lokacin. A layin hanya, rabe-raben da muka saba da su a ƙasar Hausa sun isa, wato gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina, sai ka ƙara ƙwace da hukuncin kotu. Aikin ya yi kama da na malamin hadisi da yake bin isnadi: kowane mutum a jerin dole a nuna daga wa ya karɓa, kuma duk inda aka sami yankewa ba a cike gurbin da zato, sai dai a rubuta cewa a nan salsala ta yanke, a tafi neman dalili. Masu wannan sana'a sukan fara ne daga mai mallaka na baya-bayan nan su riƙa komawa baya, domin kowace takardar ciniki takan ambaci yadda mai sayarwa ya sami abin da yake sayarwa. Amma a wajen rubuta sakamako sai a juya, a faro daga tushe, kuma haka za mu yi a nan.

Tushen kuwa ba Bature ba ne. Ƙasar da ta zama jihar Misisipi a 1817 ta al'ummomin Choctaw da Chickasaw ce da wasu 'yan asalin wurin, kuma gwamnatin Amurka ta karɓe ta ne kaɗan-kaɗan ta hanyar yarjejeniyoyi da aka ƙulla cikin matsi, mafi girmansu ita ce ta Dancing Rabbit Creek a 1830, inda Choctaw suka rasa kimanin eka miliyan 11. Wannan ya kamata ya zama layi na farko a littafinka, ko da ba a rubuta shi a takardun gunduma ba. Bayan karɓewa, gwamnati takan tura 'yan safiyo su yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, kowane yanki mai faɗin mil ɗaya da tsawon mil ɗaya, wato eka 640, a ba shi lamba, sannan a sa a kasuwa. Takardar da gwamnati take ba mai saye na farko tana nan a shafin hukumar filaye ta tarayya mai suna Bureau of Land Management, kuma ana iya nemanta da sunan mutum da jiha da gunduma ba tare da biyan ko sisi ba. Ka kwafe lambobin awon nan daidai yadda suke, domin su ne ba sa canzawa idan sunan gandu da na mai shi suka canza.

Daga nan sai kundayen gunduma. A Misisipi magatakardan kotun gunduma ne yake ajiye littattafan da ake kwafe takardun cinikin ƙasa da na jingina a cikinsu, kuma akwai fihirisa iri biyu, ɗaya da sunan masu sayarwa, ɗaya da sunan masu saye. Shafin FamilySearch ya ɗauki hoton irin waɗannan littattafai na gundumomi masu yawa. A nan ne za ka haɗu da Joseph Emory Davis, lauya daga birnin Natchez, wanda ya fara sayen ƙasa a wurin a 1818, ya sayar da wani ɓangare ga abokansa, ya riƙe kimanin eka 5,000, sannan ya koma can da zama a 1827 ya kafa gandun Hurricane. Har zuwa nan salsala tana tafiya lafiya.

Matsalar tana farawa ne a 1835, kuma a nan ya kamata ɗalibi ya tsaya ya nutsu. A wannan shekara Joseph ya ware wani yanki na ƙasarsa ya ba ƙanensa Jefferson Davis, wanda Joseph ya girme shi da shekara 23, kuma wanda daga baya ya zama shugaban jihohin Kudu da suka ɓalle a lokacin yaƙin basasar Amurka. Jefferson ya sa bayi sun share dajin, ya gina gida, ya kira wurin Brierfield, ya noma auduga shekara da shekaru, kuma duk duniya ta san wurin a matsayin gandunsa. Amma idan ka duba fihirisar gunduma ba za ka ga takardar da ta mayar da ƙasar sunansa ba, saboda Joseph bai taɓa rubuta masa ita ba. Kyauta ce aka yi masa, ko aro ne na tsakanin wa da ƙane? Duk wanda ya taɓa zama a zauren hakimi ko a kotun shari'a a Sakkwato ya ji irin wannan tambaya a kan gonar da aka ba ɗan'uwa ya noma, ya shekara talatin a ciki, har 'ya'yansa suka tashi suna ganin gadonsu ce. Abin da ya dace ka yi shi ne ka buɗe layi biyu a littafinka, ɗaya ga mai takarda, ɗaya ga mai riƙo, ka bi su gefe da gefe. Wanda ya dogara da takardun ciniki kawai zai rubuta tarihin Brierfield ba tare da sunan Jefferson Davis ya fito ba, wanda kuma ya dogara da abin da mutane suke faɗa zai kasa gane yadda aka yi wani ya sayar da gandun a 1866.

Layin ƙarshe na littafinka, na masu noma, shi ne mafi wuyar cikawa. Ƙidayar 1850 da ta 1860 suna da jadawali na musamman na bayi, amma abin da za ka gani a ciki shi ne sunan ubangida, sai shekarun bawa da jinsinsa da launin fatarsa, babu sunansa. Daga nan za ka san cewa gab da yaƙi Joseph yana riƙe da bayi fiye da 300, Jefferson kuma fiye da 100, amma ba za ka san ko su wane ne ba. Akwai kuma jadawalin amfanin gona na waɗannan ƙidayoyi, wanda yake nuna yawan ekar da aka noma da dabbobi da yawan dilar auduga, kowace dila laba 400, wato kusan kilo 180. Sunayen bayi sun fi fitowa a takardun rabon gado da wasiyyoyi da takardun jingina, inda ake lissafa su tare da alfadarai da kayan ɗaki, kowa da farashinsa. Karanta wannan ba ya da daɗi, amma bai kamata a tsallake shi ba, domin a wannan zamani sau da yawa darajar bayin gandu a idon masu ba da bashi takan zarce ta ƙasar kanta, kuma wanda bai bi bashin da aka ci da sunansu ba, ba zai gane dalilin da ya sa gandaye da yawa suka faɗi ba. Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta rubuta sunayen bayin da aka 'yanta sakamakon yaƙin basasa gida-gida, saboda haka sai ka ɗauki sunayen da ka samu a can ka riƙa komawa baya kana gwada shekaru.

A Hurricane akwai bawa guda da ba za ka sha wahalar samun sunansa ba, wato Benjamin Montgomery, wanda aka haifa a jihar Bajiniya a 1819, aka sayar da shi zuwa Misisipi yana saurayi. Ya iya karatu da rubutu, ya koyi awon ƙasa da gyaran injin gurzar auduga, kuma Joseph ya bar shi ya buɗe kanti a cikin gandun yana ciniki da jiragen ruwan da suke wucewa. Wasu marubuta sukan tsaya a nan su yi ta yabon sassaucin Joseph Davis, wanda har kotu ya kafa inda bayi suke yi wa junansu shari'a. Ka rubuta wannan tunda ya faru, amma kada ya mantar da kai cewa mutumin yana da ikon sayar da kowane ɗaya daga cikinsu, kuma da sojojin jihohin Arewa na Amurka suka matso a lokacin yaƙin basasa, yawancin bayin ba su bi shi ba.

Shekarun yaƙi, daga 1861 zuwa 1865, su ne lokacin da kundayen gunduma suke yin shiru alhali ƙasa tana sauya hannu fiye da kowane lokaci. A 1862 Joseph ya gudu daga Davis Bend, kuma a wannan shekara sojojin Arewa suka ƙone babban gidan Hurricane. Bayan faɗuwar Vicksburg a ranar 4 ga Yuli, 1863, sojojin suka karɓe yankin, aka tara 'yantattun bayi a wurin, aka yanka musu gonaki haya, daga baya kuma hukumar kula da su, wadda aka kafa a Maris na 1865 da sunan Freedmen's Bureau, ta ci gaba da lura da wurin. A 1865 waɗannan manoma sun samar da dila kusan 2,000, da ribar kimanin dala 160,000. Ba za ka sami ko ɗaya daga cikin wannan a littafin magatakarda ba. Sai ka koma takardun hukumar, waɗanda suke ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Washinton, kuma FamilySearch ya saka da yawansu. A layin hanya ka rubuta ƙwace, amma ka lura cewa ba a taɓa ba manoman takardar mallaka ba, shi ya sa da shugaba Andrew Johnson ya yi wa Joseph afuwa a 1866, ƙasar ta koma hannunsa.

Sai cinikin da ya sa Davis Bend ya yi suna. A Nuwamba na 1866 Joseph Davis, yana da shekara tamanin da 'yan kai, ya sayar da Hurricane da Brierfield gaba ɗaya, kimanin eka 4,000, ga tsohon bawansa Benjamin Montgomery da 'ya'yansa, a kan dala 300,000. Jefferson a lokacin yana tsare a kurkukun Fort Monroe, kuma rashin takarda da sunansa shi ne ya ba Joseph hujjar cewa Brierfield nasa ne, ba dukiyar shugaban 'yan tawaye ba ce da za a ƙwace. Labari ne mai jan hankali, kuma nan ne ɗalibai suke yin gaggawa su rubuta cewa bawa ya saye gandun ubangidansa, su wuce. Ka karanta sharuɗɗan tukuna. Ba a biya kuɗin hannu ba. Bashi ne na kimanin shekara goma, gonar kanta ita ce jingina, da kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, wato dala 18,000 kowace shekara kafin a taɓa uwar kuɗi. Ka ɗauki alƙalami ka raba farashin da yawan eka, za ka ga dala 75 ce kowace eka, farashi mai tsada a ƙasar da yaƙi ya daidaita. A duk cinikin da ka haɗu da shi ka yi irin wannan lissafi, domin takardar jingina ta fi takardar ciniki faɗa maka wanda zai mallaki gona nan da shekara goma sha biyar.

Sannan ka nemi taswira, kuma kada ka tsaya a kan guda ɗaya. 'Yan watanni bayan cinikin, a 1867, ambaliya ta sa kogin Misisipi ya ɓalle ta siririn wuyan da ya haɗa Davis Bend da sauran ƙasa, wurin ya zama tsibiri, babbar hanyar ruwa ta koma gabas da shi. Wannan ya lalata amfanin shekarar, ya nesanta gandun da hanyar manyan jirage, ya kuma ƙara wahalar gyaran jingar da take tare ruwa. Akwai kuma abin da ya shafi mai bincike kai tsaye: wanda ya kalli taswirar yau zai ga tsibirin Davis ya fi kusa da jihar Luwisiyana, ya tafi neman takardu a can, alhali iyakar jiha tana bin tsohuwar hanyar ruwa ne, kundayen gandun kuma suna Vicksburg.

Duk da haka iyalin Montgomery sun riƙe wurin shekaru. An naɗa Benjamin alƙalin sulhu a 1867, audugarsa ta ci kyautar farko a bajekolin birnin St. Louis a 1870, a 1871 kuma ya ƙara sayen gandun Ursino da yake maƙwabtaka da su. Tsofaffin jaridun da ɗakin karatun majalisar Amurka ya tara a shafinsa na Chronicling America suna da amfani a wannan mataki, musamman wajen farashin auduga da sanarwar gwanjon gonaki. Abin da ya karya su haɗuwar abubuwa ne: rasuwar Joseph a 1870, wanda yakan sassauta musu idan shekara ta yi muni, da faɗuwar farashin auduga, da rikicin kuɗi na 1873, da ambaliya da tsutsa.

Takardun kotu su ne mataki na gaba, kuma a ganina su ne mafi daraja a cikin duk abin da aka ambata, saboda a gaban alƙali ne mutane suke fito da wasiƙu da shaidu a kan abin da aka ɓoye shekara arba'in. A 1874 Jefferson Davis ya shigar da ƙara yana neman a tabbatar masa cewa Brierfield nasa ne tun asali, ya yi jayayya da jikokin wansa. Bai yi nasara a kotun gunduma ba, amma a 1878 kotun ƙoli ta jihar Misisipi ta ba shi gaskiya, a shari'ar da ake nema da sunan Davis da Bowmar. Benjamin Montgomery ya riga ya rasu a 1877. A 1881 aka yi gwanjon gandayen saboda bashin da ba a biya ba, Brierfield ya koma hannun Jefferson Davis, Hurricane kuma ga jikokin Joseph. Ka lura cewa sai a wannan lokaci ne, shekara 46 bayan ya fara noma wurin, layin mai takarda da layin mai riƙo suka haɗu a kan sunan Jefferson, kuma shekara takwas kawai ya yi bayan haka ya rasu a 1889. Gidan Brierfield ya ƙone a 1931.

Idan gandu ya kuɓuce wa mutane, ka bi mutanen ko da na shafi ɗaya ne. Isaiah, ɗan Benjamin, shi da ɗan'uwansa Benjamin Green, sun jagoranci wasu daga cikin mutanen Davis Bend suka kafa garin Mound Bayou a gundumar Bolivar a 1887. Yawancin 'yantattun bayi a Kudu ba su sami irin wannan ba, sun ƙare ne a tsarin noma-mu-raba, inda mai ƙasa yake ba da fili da iri da bashin abinci, ya cire nasa a lokacin kaka. Ka sani kuma cewa gobara ta cinye mafi yawan takardun ƙidayar 1890 a shekarar 1921, saboda haka daga 1880 sai ka tsallaka zuwa 1900, ka cike tsakani da littattafan haraji na gunduma.

Wanda ya iya wannan aiki a kan Misisipi zai iya juyo da shi gida, domin Daular Sakkwato ma ta yi zamani da gandaye da rumada da bayi suke nomawa, kuma sunayen unguwanni da ƙauyuka da yawa suna ɗauke da alamar haka. Bambancin shi ne a nan takardar ciniki ba ta da yawa, riƙo da shaidar mutane ne suka fi ƙarfi. Shekarun da za ka sa wa ido su ne 1903, lokacin da Turawa suka ci Sakkwato, da 1910, lokacin da dokar filaye ta Arewa ta sa ƙasa a ƙarƙashin ikon gwamna, da 1978, shekarar dokar amfani da ƙasa da har yanzu ake aiki da ita. Ka fara da dattawan gidan da yake riƙe da gonar da maƙwabtansu na iyaka, kowa ka ji shi shi kaɗai, sannan mai unguwa da hakimi, sannan littattafan kotun shari'a inda aka taɓa raba gado. Bayan nan ka je Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, daga can kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da take Kaduna, ka nemi fayilolin lardin Sakkwato da ake kira Sokprof, musamman rahotannin kimanta haraji na gundumomi, ka tafi da sunan gunduma da na ƙauye yadda Turawa suke rubuta su a wancan lokaci, domin da wannan rubutu aka jera fayilolin.